Masu koyar da yara a gida, ya kuke yi da hutun bazara?

Maman Uku:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. A Manchesta muke zaune, shekara biyu ke nan da na cire yarana daga makaranta ina koyar da su a kan teburin cin abinci. Babbar tana da shekara 11, mai bi mata 8, sai auta ɗan 4, wanda karatunsa bai wuce tauna fensir ba. Makarantun Ingila suna rufewa ƙarshen Yuli, mako shida, su koma farkon Satumba. Mu na gida doka ba ta ɗaure mu da wannan tsarin ba. Ni ce malama, ni ce mai ba da hutu, to a nan kaina ya kulle.

Bara na saki komai tsawon mako shidan. Da muka koma na tambayi na tsakiyan bakwai sau takwas, ya zuba mini ido kamar na yi masa wani yare. Izun da muka sha wuya a kansa ya zube, sai da muka ci kusan wata muna tisa baya. Bana Abban yara ya ce a ci gaba da karatu har Satumba, sannan mu tafi Kano idan tikiti ya sauko, tunda kuɗin jirgin mutum biyar a Agusta sai mai ƙarfin hali. Lissafinsa daidai ne. Amma ta yaya zan zaunar da yaro yana rubutu ga 'ya'yan maƙwabta suna buga ƙwallo a bakin taga? Ga rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, kwanciya barci ta zama kokawa. Kuma in faɗi gaskiya, ni ma na gaji.

Goggon Leicester:

Wa alaikumus salam. Ɗiyata, boko yana jure ajiya, hadda ba ta jurewa. Ko makarantar allo da ake tashi Laraba a koma Asabar, gardi ba ya barin tilawa. Ni da nawa, a irin wannan lokaci ba ma ƙara ko aya ɗaya, bita kawai, shafi biyu bayan karin kumallo. Kada ki ce bayan asuba, asubar bazarar ƙasar nan sai dai manya. Lissafi kuma ki tura shi kanti da fam biyar ya kawo miki canji, ya isa. Ki kai su laburare, suna yin gasar karatun bazara kyauta, yaro ya karanta littattafai a ba shi lambar yabo. Sauran littattafan ki sa a kwali ki ɗora saman kabad, inda ke ma ba za ki gan su ba.

Abu Tagwaye:

Ina bayan maigidanki a batun tikiti. Mu da yaranmu ke makarantar gwamnati, in ka ɗauke yaro a tsakiyar zango ba izini, tara ce fam 80 kowane yaro, in ka yi jinkirin biya ta koma 160. Ku wannan bai shafe ku ba, ku ci moriyarsa. Sai dai Satumba a Kano sauro bai tafi ko'ina ba, damina ce ke ƙarewa, lokacinsa ke nan ma. Mun taɓa zuwa a irin watan, muka yi sakaci da maganin rigakafi, Hassana ta kwana uku a asibiti. Yaran da aka haifa a nan jikinsu bai san zazzaɓin cizon sauro ba. Ku ga likita da wuri, allurar shawara kuma ana so a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Da ni ne, Janairu zan bari, in dai babu mai asma a cikinsu, saboda ƙurar hunturu.

Ummu Amatullah:

Yaya, kin tambayi babbar kuwa? Ƙawayenta na islamiyya duk 'yan makaranta ne, wannan mako shidan ne kaɗai za ta same su da rana. In kika riƙe ta a kan tebur har Satumba, ta huta lokacin da kowa ya koma aji, gani za ta yi horo ne. Sannan na ga maganarki ta ƙarshe kowa ya tsallake ta. Ke wa zai ba ki hutu? Abbansu ya ɗauki mako guda a wajen aiki ya karɓe su.

Maman Uku:

Allah ya saka da alheri. Na tambaye ta jiya, ashe har sun tsara zuwa gidan tarihin kimiyya na cikin gari da ƙawayenta, ni ce kawai ba a faɗa wa ba. Mun tsaya a kan mako huɗu a Agusta, tilawa kaɗai, sauran biyun mu haɗa da tafiya gida. Janairun ne ake ta ja, don Hajiyarsu ta riga ta gaya wa dangi Satumba. Batun mako gudan kuma Abbansu ya ce zai duba. Abu Tagwaye, wace dabara kuka yi wajen ba ƙananan maganin? Autana ko farasitamol sai an danne shi.