Muhawara: Shin duk abin da ya saɓa wa Turancin Ingila kuskure ne?

Baba Hedimasta: Assalamu alaikum. Zan ajiye wata magana a gaban 'yan'uwa, kuma na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Abin da ake kira Turancin Najeriya, a ganina, kurakurai ne da malamai suka gaji da gyarawa, sai aka yanka musu rago aka raɗa musu suna. Yau mutum zai gama jami'a ya rubuto takardar neman aiki ya fara da "am writing" babu "I", ya rubuta "furnitures" da "equipments" da "informations", ya ce "discuss about", ya kasa raba "their" da "there", idan kuma ya buɗe baki sai "people" ta koma "fiful", "this" ta koma "zis". Ƙasar nan ce ta haifi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga Kwalejin Katsina, aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya saboda tsabtar Turancinsa, don haka kada wani ya ce mini harshenmu ne ba ya lanƙwasuwa. Harshe yana da masu shi, kuma duk abin da ya saɓa wa yadda suke faɗa ko rubutawa kuskure ne da ya kamata a gyara nan take, ko a gaban wa.

Ɗan Jami'a: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayata ɗaya ce: su wane ne masu shi? Mutanen Ailan da yawa suna furta "three" kusa da "tree", yaran Landan da yawa suna cewa "free", kuma babu wanda ya kore su daga Turanci. Amurkawa suna rubuta "color" da "center", Turawan Ingila suna rubuta "colour" da "centre", bambancin da ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya taimaka wajen kafawa. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 daga Najeriya, ciki har da "okada", "danfo", "next tomorrow" da "Kannywood". Idan su da kansu sun rubuta mu a littafinsu, da wane dalili mu za mu goge kanmu?

Malamar Turanci: Baba, da izininka, ina ganin ka haɗa abubuwa uku a jaka ɗaya, alhali kowanne da hukuncinsa: lafazi daban, ƙa'idar rubutu daban, nahawu daban. Zan tsaya a kan lafazi, domin a nan aka fi cin zarafin yaranmu.

Harafin "f" na Hausa da leɓɓa biyu ake furta shi, haƙora ba sa taɓa leɓe, shi ya sa a bakin wani yake fitowa kusa da "p", a karin Sakkwato kuma ya koma "h", a ce "tahi" a maimakon "tafi". A wurin Bahaushe duk sauti ɗaya ne, ba ya sauya ma'anar kalma. Turanci kuwa ya raba su gida biyu, "f" da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, "p" da rufe leɓɓa a sake su da iska. Haka nan ba mu da "v", sai mu kawo "b", ba mu da sautin "th", sai mu kawo "s" ko "z", kuma harshenmu ba ya son baƙaƙe su yi cincirindo babu wasali a tsakaninsu, wanda shi ne dalilin da ya ba mu "sukudireba" da "burodi". Wannan ba lalaci ba ne, aikin kunne ne da ya saba da wani tsari tun daga goyo.

To amma ba duka waɗannan ne suke da nauyi ɗaya ba. Masaniyar harshe Jennifer Jenkins ta Birtaniya, a binciken da ta wallafa a 2000 kan yadda mutanen ƙasashe daban-daban suke fahimtar juna da Turanci, ta nuna cewa sauya sautin "th" da wani ba kasafai yake hana fahimta ba, amma gauraya sauran baƙaƙe da rikita dogon wasali da gajere suna hanawa. Matuƙa jirgin sama ma, a ƙa'idar magana da hasumiyar filin jirgi, "tree" ake koya musu su ce idan suna nufin uku, da gangan, don kowa ya iya furtawa kowa ya ji. Saboda haka ni a aji ba na ɓata lokaci a kan "zis", amma ba na ɗaga ƙafa a kan "p" da "f", domin "pull" da "full", "pill" da "fill", "copy" da "coffee" kalmomi ne daban-daban, kuma yaron da ya gauraya su a baki zai gauraya su a takarda.

Edita: Malama ta yi adalci a kan lafazi, ni kuma zan tsaya wa Baba a kan rubutu, domin aikina ke nan kullum. Mai magana yana da fuska da hannu da murya da za su cike masa giɓi, idan ba a gane ba a tambaye shi ya sake, amma takarda ba ta da wanda zai kare ta.

Ɗan Jami'a, ƙanena, ka ambaci ƙamus na Oxford, to bari in ɗauko maka ɗaya daga cikin waɗannan 29 ɗin. A Najeriya idan mutum ya ce "severally" yana nufin sau da yawa. A Turancin shari'a kuwa ma'anarta kowa shi kaɗai, kamar a cikin "jointly and severally", inda ake nufin za a iya bin masu bashi gaba ɗaya ko a kama kowanne shi kaɗai ya biya duka. Ƙamus ya rubuta ma'anarmu ne don ya shaida cewa ana faɗar ta a nan, bai yi wa lauyan da ke Landan alkawarin zai fahimce ta haka a cikin yarjejeniya ba. Aikin ƙamus irin wannan shi ne tattara abin da mutane ke faɗa, kuma ya lika wa kalmar alamar cewa ta Najeriya ce, wanda hakan kansa gargaɗi ne ga mai rubutu ya san inda za ta yi masa aiki.

Sai dai, Baba, akwai inda zan saɓa maka. "Their" da "there", "its" da "it's", "your" da "you're", ba ciwon Najeriya ba ne. Turawan da aka haifa da harshen ne suka fi fama da su, har da "could of" a maimakon "could have", domin su da kunne suka fara koya kafin alƙalami. Idan ma'aunin shi ne yadda masu harshe suke rubutawa, to masu harshen ma sai an tace musu.

Ɗan Jami'a: Yaya Edita, ai wannan ya ƙara mini ƙarfi. Rubutun da muke karewa ɗin nan shi kansa tarin haɗurra ne na tarihi. William Caxton, mai buga littattafai, ya kafa maɗaba'arsa a Westminster ta Landan a 1476, daidai lokacin da dogayen wasulan Turanci suke sauya furuci, sai rubutu ya daskare a wuri ɗaya, baki ya ci gaba da tafiya. Harafin "k" na "knee" da "knight" a da furta shi ake yi. Harafin "b" na "debt" masana ne suka cusa shi don kalmar ta yi kama da asalinta na Latin, ba a taɓa furta shi ba. Harafin "s" na "island" kuwa bisa kuskure aka sa shi, da zaton kalmar 'yar'uwar "isle" ce. Har "aks" da ake yi wa mutane dariya idan sun faɗa a maimakon "ask" tana nan tun a tsohon Turanci, kuma Chaucer, mawaƙin Ingila wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da ita. Kuskuren jiya ne ya zama ƙa'idar yau.

Edita: Duk gaskiya ne, amma mai duba takardar jarrabawar WAEC ba zai karɓi tarihin Caxton a madadin maki ba, kuma wanda bai samu kiredit a Turanci ba ƙofar jami'a a rufe take gare shi. Kai da ka riga ka shiga, ba daidai ba ne ka gaya wa na baya cewa ƙa'ida wasa ce.

Hajiya Nas: Ni ba malamar harshe ba ce, amma a wurin aikinmu na san inda furuci yake zama lamarin rai. "Fifteen" da "fifty", "thirteen" da "thirty", idan aka faɗe su a waya cikin gaggawa ba tare da an ja gaɓar ƙarshe ba, magani zai iya ninkawa fiye da sau biyu ko uku. Shi ya sa muke maimaita lamba ɗaya bayan ɗaya, mu ce ɗaya da biyar, sannan a rubuta. A nan ina tare da duk mai son gyara.

Abin da ban yarda da shi ba, Baba, shi ne "ko a gaban wa". Na ga 'yan mata masu ƙoƙari, waɗanda suka san aikinsu ciki da waje, sun kulle bakinsu a gaban likita ko a taro saboda an taɓa kwaikwayon lafazinsu aka yi dariya. Wadda aka kunyata ba ta gyaruwa, shiru take yi, kuma shirun ma'aikaciyar jinya ya fi "zis" haɗari. Sannan ku duba masu yi wa mutane gwalo a Facebook saboda harafi ɗaya na Turanci, yawancinsu ba sa iya raba "ƙasa" da "kasa" a rubutun harshen da suka sha a nono, kuma ba wanda ya ɗauki hoton rubutunsu ya yaɗa. Laifi tudu ne.

Baba Hedimasta: Hajiya, 'yata, na ji, kuma ban ce a yi wa kowa dariya ba, gyara daban, izgili daban. Malama, na sallama miki "th". Amma ku lura da abin da kuka yi: kowannenku ya fara da cewa ya saɓa mini, ya ƙare da jera abubuwan da ba zai ɗaga ƙafa a kansu ba. A zamaninmu ana yin shifta kowane mako, ana sa yaro ya karanta shafi da ƙarfi a gaban aji, malami ya tsayar da shi a kowace kalma. Yau malamin da kansa yake cewa "off the light" da "borrow me your pen", to wa zai gyara wa?

Malamar Turanci: Wannan ƙorafin naka na ƙarshe, Baba, shi ne wanda na fi yarda da shi. Kuma "borrow me" tana da tushe da malami ya kamata ya sani: a Hausa kalma ɗaya ce take aiki biyu, "na ari biro" da "ara mini biro", Turanci kuwa ya ba mai karɓa "borrow" ya ba mai bayarwa "lend". Idan aka nuna wa yaro wannan sau ɗaya ya gane har abada, idan kuwa aka ce masa kuskure ne kawai, gobe zai maimaita. Haka "furnitures": Turanci yana ɗaukar wasu sunaye a matsayin abin da ba a ƙidayawa, kamar ruwa ko gari, don haka ba sa karɓar "s" ta jam'i, kuma babu wata hikima a ciki da yaro zai gano da kansa, sai an jera masa su ya haddace. Ga kuma wani abin takaici: ɓangaren furuci na jarrabawar Turanci ta WAEC a Najeriya ba da baki ake amsa shi ba, ɗalibi zaɓar amsa kawai yake yi, ta yadda zai iya cinye shi bai taɓa buɗe baki ba.

Amma akwai wasu gyare-gyaren da malamai suke azabtar da yara da su alhali ba dokar harshen ba ce. Hana ƙare jimla da ƙananan kalmomi irin su "with" ko "for" ya samo asali ne daga marubucin nan John Dryden, wanda ya soki salon a 1672 saboda Latin ba ya yin haka, kuma Turawa ba su taɓa daina cewa "who are you talking to" ba. Furta "t" a cikin "often" ko barin ta, duka biyun suna cikin ƙamus. Malamin da ya ja jan biro a kan waɗannan, ya bar "am fine" ta wuce, ya yi asarar tawada.

Ɗan Jami'a: To Malama, ina za ki ajiye "my names are" da "revert" da ake nufin mayar da amsa? Kowane ofis a ƙasar nan haka yake rubutawa, a Indiya ma haka suke amfani da "revert", kuma ba a taɓa samun wanda ya kasa ganewa ba.

Edita: Bari in amsa maka, tunda a teburina suke mutuwa ko su rayu. "Revert" ina barin ta a wasiƙar cikin gida tsakanin ma'aikata, ina cire ta idan rubutun zai fita waje, domin a Ingila da Amurka ma'anarta ta asali komawa ga halin da, kuma mai karatu zai tsaya ya yi tunani. "Okada" da "danfo" ba na taɓa su ko ina za su, saboda Turancin Ingila ba shi da kalmar da za ta maye gurbinsu. "My names are" kuwa ina kashe ta a ko'ina, don mutum ɗaya ne, sunansa ɗaya ne komai yawan gaɓoɓinsa, kuma ba ta kawo wata ma'ana da "my name is" ta rasa ba.

Baba Hedimasta: Malam Edita, ni da kai mun kusa haɗuwa, amma "revert" ɗin nan ko a wasiƙar cikin gida ban yarda da ita ba. Wanda ya saba da ita a gida ba zai tuna ya cire ta ba ranar da zai rubuta wa na waje.