Ƙanina ya dawo daga Libiya da sana'ar tayil a hannu, amma ba takarda

Abban Sadik, Ɗorayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ya dawo daga Libiya kafin azumi. A can ya koyi sa tayil a hannun wani magini a Misrata, kuma wallahi ya iya, don shi ya sa mana na banɗaki, layi ya miƙe tsaf. Matsalar ita ce duk inda ya nemi aiki sai a ce waye ya san shi, ko ina takardarsa. Kayan aikinsa a can ya baro su. Yanzu kullum yana ɗaki, ya fara maganar komawa, Hajiyarmu kuwa ko barci ba ta yi. Wasu sun ce in kai shi cibiyar koyon sana'a ta Ɗangote da ke titin Zariya. Ku ba ni shawara don Allah.

Malam Birkila:
Wa alaikumus salam. Abban Sadik, kada ka mayar da mai sana'a ɗan koyo. Cibiyar nan alheri ce ga yaron da bai iya komai ba, amma idan ka zaunar da wanda ya yi aiki a manyan gidaje ana nuna masa yadda ake kwaɓa siminti, zuciyarsa za ta ƙara karyewa. Shaida yake buƙata. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana ba da takardar gwajin sana'a mai mataki uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Kamfanonin gini suna karɓarta, kuma an yi ta ne don irinsa, wanda ya koya a bakin aiki. Ya je ofishin ma'aikatar da ke Kano da kansa, da lambar NIN, kada ya bi ta hannun ɗan tsakiya.

Sannan a harkarmu, ɗan kwangila ya fi yarda da ido. Ku ɗauki hoton banɗakin nan ta kusurwa daban-daban, musamman lungu da bakin ƙofa, don a nan ake gane gwani. Ya riƙa zama wajen masu sayar da tayil a Ƙofar Ruwa. Duk wanda ya sayi kwali ɗari, tambayarsa ta gaba ita ce wa zai sa masa.

Maman Hanifa:
Yaya, ta wace hanya ya dawo? Idan IOM, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙaura, ce ta kwaso su a jirgi, yana da rajista a wurinsu, kuma tun 2017 suke da shirin tallafa wa waɗanda suka dawo su kama sana'a. Galibi ba kuɗi suke danƙa wa mutum ba, kaya suke saya masa bayan horo kan tafiyar da kasuwanci. Ya nemo takardun da aka ba shi. Kuma don Allah ku daina tambayarsa me ya samo. Zaman ɗakin nan ba lalaci ba ne, waɗanda suka bi Sahara sun ga abin da ba su iya faɗa.

Sani Sharaɗa:
A gwada NDE ma, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa. Suna haɗa matasa da masu gidan sana'a, ko ba komai zai samu ubangida da zai tsaya masa. Sai dai lokaci-lokaci ake buɗe rajista, kada ku zauna jira.

Abban Sadik, Ɗorayi:
Allah ya saka da alheri. Maman Hanifa, da kansa ya dawo ta Agadas a mota, ba shi da wata rajista. Maganar tambaya kuma zan faɗa wa mutanen gida yau. Malam, mun yi shawara da yayarmu za mu haɗa masa kuɗin injin yanka tayil. Sabo ya fi ko wanda aka yi amfani da shi, kuma a Ƙofar Ruwan za mu duba ko Sabon Gari?