Neman kalma: me za mu kira brownfield da Hausa?

Tafinta: Salamu alaikum. Gobe da safe zan karanta rahoto a rediyo kan yadda ake mayar da tsohuwar unguwar masana'antu sabuwar cibiyar gari, irin unguwar Hammarby a Stockholm, babban birnin Suwidin. Kalmar brownfield, wato filin da masana'anta ko wani gini ya taɓa zama aka bar shi, ta tsaya mini a wuya, sau tara ta fito. A taimaka.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kufai, wurin da aka zauna aka tashi. Ki ce kufan masana'antu.

Mai zanen gini: Kango fa?

Injiniya: Kango gini ne, in an rushe shi ya tafi, alhali ciwon yana cikin ƙasa. Majema kan bar sinadarin kuromiyam, masana'antar batir ta bar dalma, tankin mai da ya huje ya bar mai a ruwan ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa ake fara duba tsofaffin taswirori a san me aka yi a wurin, sannan a haƙa ramukan gwaji a kai ƙasa da ruwa ɗakin bincike. In an sami guba, ko a kwashe ƙasar, ko a wanke ta da inji kamar yadda aka yi a filin wasannin Olamfik na Landan na 2012, ko a shimfiɗa ƙyallen shaida, mai nuna wa mai haƙa inda gurɓatacciyar ƙasa ta fara, a rufe da ƙasa mai tsabta. A Ingila kaurinta kan kai santimita 60 inda za a yi lambu.

Mai son asali: To ga kalma daga bakin Injiniya: ɓoye-guba. Ƙira ce ta Hausa tsantsa, kamar hana-salla da fasa-ƙwauri. Kufai bai gargaɗi kowa ba. A unguwar Love Canal ta Amurka an gina gidaje da makaranta inda aka binne sharar sinadarai, sai a 1978 aka fara kwashe mutane.

Injiniya: Ranka ya daɗe, ba kowanne ke da guba ba. Dokar Amurka ta 2002 kan brownfield ta haɗa har da filin da ake zargin yana da guba kawai, a Ingila kuwa galibi filin da aka taɓa yin gini a kai ake nufi. In Hajiya ta ce ɓoye-guba ta yanke hukunci kafin sakamakon gwaji.

Ɗan Nijar: Faransawa friche suke cewa, wato saura, gonar da aka bari. Masu sauraro a wajenmu za su gane sauran masana'antu.

Malamin Hausa: A kunne zai zama "ragowar masana'antu". Kuma saura hutawa take yi ta ƙara ƙarfi, wannan kuwa ba ya warkewa da kansa.

Mai zanen gini: A ari kalmar kawai mana, burawunfil. Asibiti da mota ba su kashe Hausa ba.

Mai son asali: Wannan ragwanci ne. Harshen da ya bambanta kufai da kango da saura da fako, shi za a ce ya rasa? Kullum in an ƙirƙiro kalma sai masu digiri su kashe ta saboda ba daga bakinsu ta fito ba.

Mai zanen gini: Malam, kai ma kana cewa injiniya.

Tafinta: Don Allah a yi haƙuri, dare ya yi. Akwai jumla a rahoton kan hana ruwan sama nitsewa a irin wannan fili da ban gane ba.

Injiniya: A sabon fili ana so ruwan sama ya nitse. A gurɓataccen wuri in ya nitse sai ya ja gubar zuwa ruwan rijiyoyi, don haka ake shimfiɗa roba a gindin tafkunan tara shi. Turakun harsashin gini ma kan huda lakar da ke ƙarƙashin ƙasa su buɗe wa guba hanya.

Tafinta: Na gode. Zan ce kufan masana'antu, in an tabbatar da guba in ce gurɓataccen kufai.

Mai son asali: Na bari saboda gobe, amma ban yarda ba. Kuma aikin gyaran, wankewa za ki ce ko tsarkakewa?

Malamin Hausa: Tsarkakewa ta yi kama da zancen alwala. A bar wannan sai bayan shirin.