Ƙanwata ta maƙale a Jidda da goyo, ta ina za mu fara?

Yayan Gida, Jekadafari:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mini. Ƙanwata ta tafi Saudiyya aikatau a 2021 ta hannun wata ejan a nan Gombe. Shanu biyu Inna ta sayar aka biya. Tana sauka kafil, wato uban gidan da ya ɗauke ta aiki, ya karɓe fasfonta. Wata bakwai tana bauta, albashin wata uku kawai ta gani, ga duka. Ranar da matar gidan ta manna mata dutsen guga a hannu, a daren ta gudu. Suka buga mata hurub, wato suka kai rahoto ga hukuma cewa ta gudu daga wajen aiki.

A Jidda wani ɗan ƙasarmu ya aure ta, aure ba takarda. A ɗaki ta haihu, ungozoma ta karɓa. Bara aka kama shi aka dawo da shi, tun daga nan ko sallama. Yarinyar ta shekara biyu, ba ta da takarda ko ɗaya. Uwar na son gida, amma ta rantse ba za ta miƙa kanta ba sai ta tabbata ba za a raba su ba. Inna kuwa kullum bayan Isha'i sai ta kunna saƙon muryar da jikar ke gwalantun "Kaka". Gwamnati na shiga irin wannan kuwa?

Tsohuwar Takari, Kumo:
Ɗana, Allah ya kawo mafita. Ni ma ta tarhil na dawo, wato inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Takardar uwa ba ita ce wahalar ba. Ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda yana ba wanda ba shi da fasfo takardar tafiya ta gaggawa, ETC. Za a yi mata basma, wato ɗaukar zanen yatsu, kuma ta cire rai da komawa nan kusa. Ƙullin yana wajen yarinyar: sai an gamsu 'yarta ce, har gwajin jini akan nema. Ta tara duk abin da ke hannunta, hotunan ciki, hotunan suna, har ungozomar idan za ta yarda ta yi shaida. Kuma ta fara zuwa ofishin da ƙafarta tare da goyon. Kada ta jira a tsince ta a titi yarinya na gida, wannan na gani da idona, ba daɗi.

Malamin Makaranta, Azare:
Ka kwantar da hankalin Inna da abu ɗaya: sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, in uwa ko uba ɗan Najeriya ne, shi ma ɗan Najeriya ne. Gudun uban bai taɓa matsayin yarinyar ba. Riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne ko a dokar Saudiyya, sai dai sassaucin da suka yi a 2021 wa kafala, tsarin da ke ɗaure ma'aikaci ga kafil, bai haɗa da masu aikin gida ba, shi ya sa hurub ɗin ya kama ta.

Ka rubuta koke zuwa NiDCOM, hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje, da Ma'aikatar Harkokin Waje, ka sa lambar fasfonta da hoton ƙunar. Ejan kuma aikin NAPTIP ce, hukumar yaƙi da fataucin mutane, tun 2003 don irin wannan aka kafa ta. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya "yi magana da na sama", ka rufe aljihunka.

Ɗan Bolari:
Ku ma da laifinku. Wa ya ce ku tura mace ita kaɗai?

Yayan Gida, Jekadafari:
Malam na Bolari, mijinta na fari ya rasu ya bar ta da marayu uku, suna gidana. Mama, Malam, na gode ƙwarai. Kwafin fasfon na nan cikin adakar Inna. Amma rasit babu, a hannu muka ba ejan kuɗin a zauren gidanta, gaban kawunmu. Shaidarsa za ta wadatar?