Sakamakon gwajin aure: wa ya kamata ya fara ji?

Ma'aikatan lafiya da suka tattauna kan gwajin kafin aure, wanda Kano ta mayar doka a 2024, sun fi jan hankali kan sirri. Shawararsu: a shigo da saurayi da budurwa ɗaya bayan ɗaya, a rufe ƙofa, kowa ya ji nasa. Waliyyi ko ƙanin uba ba ya karɓar takarda sai da yardar mai ita, ko da shi ya biya kuɗin.

Idan gwajin ƙanjamau na farko ya nuna alama, kada a furta komai sai an maimaita da wani kayan gwaji daban. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata 3 kafin gwajin jinotayif (nau'in ƙwayar jinin da aka gada), domin jinin da aka sa masa na iya ɓoye S, wato ƙwayar sikila.

Idan kuwa duka biyun AS ne, wato kowa na ɗauke da S ɗaya, a faɗa musu dalla-dalla: kowane ciki yana da haɗarin sikila 1 cikin 4, ba wai ɗa na huɗu kaɗai ba.

Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne takardar bogi. Dangi kan zo neman ta da kuka, wani da kuɗi a ambulan, a ce lefe ya riga ya shiga. Ma'aikatan duk sun yarda a ƙi, a miƙa masu shirin auren ga mai ba da shawara.