Masu Gadi Sun Juya wa Gida

'Yar Tudun Wada:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau damuwa ce ta kawo ni, amsa-amo "ki".

Wata takwas ƙanena yana jinya,
Zawo da jini da murɗar ciki.
Mun ce atini ne, mun ce basir ne,
Mun dafa saiwa, babu sauƙi.
Sau goma yake tashi cikin dare,
Riga tana yawo a jiki.
Likita ya leƙa da na'ura,
Ya ce babban hanji duk miki.
Wai masu gadin jini ne suka yi,
Yaya mai gadi zai ƙone ɗaki?

Malam na Kawo:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jinya. Aikina ɗakin gwaji ne, kullum ina kallon masu gadin nan a madubin ƙara girma. Fararen ƙwayoyin jini ne, irin su makrofaj, nutrofil da ƙwayoyin T.

Hanji gari ne mai yawan baƙi,
Ƙwayoyin bakteriya na kirki.
Fatar ciki ita ce ganuwa,
Majina ta lulluɓe ta don tsarki.
In ta tsage baƙi suka kutsa,
Makrofaj ya buga gangar yaƙi.
Gangar tasa sinadari ce, TNF sunanta,
Nutrofil su taho kamar kan doki.
Su zuba dafi don kashe maƙiyi,
Dafin ya ci naman gida, ga miki.
Ƙwayoyin T na biye da su,
Cikinsu har da masu taka birki.
Tireg ake ce musu. In sun gaza,
Wuta ta ci gaba, ba mai tsaiki.

Ɗan Rigasa:
Malam, shi ne wanda ake kira Kuron?

Hajiya ta Barnawa:
A'a ɗana, ciwon kumburin hanjin nan iri biyu ne. Na ƙaninta kolaitis ne, daga dubura yake hawa babban hanji ba yankewa. Nawa ne Kuron, sunan likitan Amurka da ya bayyana shi da abokan aikinsa a 1932.

Nawa tsallake-tsallake yake yi,
Yana iya kamawa tun daga baki.
Wata shida ina shan maganin tarin fuka,
An ce shi ne ya sauka ciki.
Kamanninsu ɗaya a hoto,
Ban ga laifin mai aiki.
Akwai allura mai toshe gangar,
Infliximab, ta yi mini aiki.
Kafin a yi, sai an gwada tarin fuka,
Don gangar ce ke tsare shi a ɗaki.

Tun 1998 Amurka ta amince da allurar, amma tsadarta sai wanda ya saya ya sani.

'Yar Tudun Wada:
Allah ya saka, Hajiya. Malam, an rubuta mana gwajin bahaya, kalprotektin.

Malam na Kawo:
Ku yi shi. Daga cikin nutrofil yake fita, yawansa ke nuna zafin kumburin.

'Yar Tudun Wada:
Gobe da asuba za mu kai shi,
Na ajiye kwalbar a bakin ɗaki.
Yau ya sha koko rabin kofi,
Ya ce in ƙaro masa, na yi mamaki.