Mikroplastik: wane suna za mu raɗa masa?

Jama'ar Damagaram, ku matso mu nemo wa wani abu suna. Masu bincike na ce masa mikroplastik, wato guntayen roba da ba su kai milimita 5 ba. Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila ne ya yaɗa kalmar a 2004, yana magana kan gaɓar teku. Mu nan teku ya yi mana nisa, namu a cikin ɗaki yake.

Ku duba abin da ya shigo gidajenmu, daga Birni har Sabon Gari, bayan zamanin laka da azara: ledar ɗaki, fentin bango, rufin roba, tiyon ruwa, katifar soso, labulen nailan. Duk suna tsufa. Kowa ya san butar da aka manta a rana, yadda take koɗewa ta yi gautsi, ka taɓa ta ta fashe. Haka waɗannan ke yi a hankali, zafin bazara na gasa su, ƙafa na gogar su, tsintsiya na tayar da abin da ya zuba. Da hunturu kuma mu rufe tagogi saboda hazo, mu kwana da shi. A 2022 masu bincike a Amsterdam sun same shi a jinin mutum 17 cikin 22 da suka gwada.

Wani malamin lakwal ya ba ni "garin roba". A baki ya yi daɗi, amma a rubuce ba a nuna tsawon wasali, wani zai ɗauka sunan ƙauye ne. "Tsakin roba" kuwa ya yi girma, tsaki kaji ke ci, ba ya tashi a iska.

Wanda ya fi burge ni shi ne na wata inna: "ƙaiƙayin roba". Duk wanda ya tsaya kusa da mai shiƙar hatsi ya san abin da ke bin iska ya shige hanci. Sai dai ƙaiƙayi yana sanar da kansa, kana ji kana susa. Wannan ba ka jin shigarsa, kuma nan ne matsalar take, don haka sunan zai yaudari mai saurare.

Ni dai na tsaya kan biyu. "Ɓarɓashin roba" ya zama sunan gaba ɗaya, na ruwa da na ƙasa da na abinci. Wanda ake shaƙa a ɗaki a ce "ƙurar roba". Ban ce leda ba, don leda ta kasuwa ce kawai, roba kuwa ta haɗa har da tayar mota, wadda ita ma tana zubar da nata a kan kwalta.

Saura ƙulli guda. In ka ce wa mai fenti akwai roba a fentinsa, ko ka ce wa tela yadin nailan roba ne, dariya za su yi maka, alhali haka ne. Ƴan rediyo da malaman asibiti, ku da za ku faɗa wa mutane, ku gwada "ƙurar roba" a bakinku ku gaya mana ko ta shiga.